Ɓerayen da Suka Ƙi Mantawa

Ina danna ƙarar, ɓeran ya ƙame. Ko gashin bakinsa bai motsa ba. Na tsaya ina kallonsa ta gilashin akwatin, ina roƙonsa a raina, don Allah ɗan bawan Allah, ko hanci ne ka motsa mini. Ina! Yana nan a sandare, cikinsa kawai ke hawa da sauka, har ƙarar ta ɗauke. Shi ne na ƙarshe a rukunin, kuma duk waɗanda suka riga shi haka suka yi.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ranar farko a kunna wa ɓera wata siririyar ƙara, wuta ta ɗan ja shi a tafin ƙafa, ya koyi tsoron ƙarar. Washegari a sake kunna masa sau ɗaya, ba wuta, don dai a tuna masa, nan take a yi masa allura. Rabinsu magani, rabinsu ruwan gishiri. Kashegari a kunna, a zuba ido. Wanda ya ƙame yana tune. Wanda ya ci gaba da shinshine-shinshinensa ya manta. Malamina, Farfesa Wiryawan, yakan ce tsoro in aka tuna shi komawa yake ɗanyen siminti, sai ya sake bushewa, in kuwa ka ba da magani kafin ya bushe ba zai kama ba. Da wannan binciken ya yi suna tun ina makarantar sakandare, kuma saboda shi na baro ƙauyenmu na zo birnin Yogyakarta karatu a hannunsa.

Ni ban taɓa sanin wane ɓera ya samu me ba sai an gama. Mbak Larasati ce ke zuƙo alluran a ɗakin gefe, ta miƙo mini, bakinta a rufe. A wurinmu Mbak ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Mas. Ta girme ni, ta gama nata karatun a wannan ɗakin tun da daɗewa, Farfesa ya riƙe ta tana kula da kayan aiki. Da na fito ranar, ina cire safar hannu, ta dubi fuskata kawai ta gane. Na ce mata duk sun ƙame, masu maganin da marasa shi. Ta ce in yi haƙuri, in sake gwadawa, aikin yana son hannu. Wallahi da za ta san yadda na tsani wannan maganar, da ta nemi wata. Wannan ba karo na farko ba ne, ba kuma na biyu ba.

In da takardar shaidar karatuna ce kawai a cikin haɗari, da abin ya zo da sauƙi. Damuwar ita ce yayana, Mas Gunadi.

Shekarar da dutsen Merapi da ke saman ƙauyenmu ya yi babban aman wuta, Mas Gunadi ya rasa matarsa, Mbak Tumini. Abin da muka sani ke nan, don bai taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi ba. An buga kentongan, guntun goran nan da ake ƙwanƙwasawa in za a gudu, shi ya sauko da rai, ita ba ta sauko ba. Tun daga nan duk abin da ya yi kama da wannan ƙwanƙwasar sai ya tsayar da shi cak. Mai sayar da taliya ya zo wucewa yana buga ɗan katakonsa, sai ka ga ƙaton mutum, mai ɗaukar buhun abincin shanu da hannu ɗaya, ya sandare a tsakiyar hanya, bokitin madara na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Yaran unguwa sun daina dariya tuni, masu taliya ma sun koyi yin shiru in sun zo layinmu. Bai sake aure ba. Ibu, mahaifiyarmu, ta yi kuka har ta gaji.

To, wani likita abokin Farfesa ya shirya gwada maganin a kan mutane. Za a zaunar da mutum, a kunna masa abin da yake tsoro, a sa shi ya ba da labarin ranar tun daga farko har ƙarshe, sannan a ba shi ƙwaya. Ni da bakina na je gida na ce wa Mas Gunadi ya shiga. Ya ƙi. Na yi masa masifa, don ni a gidanmu an san ni, Ibu takan ce ba ta san inda ta samo ’ya mai bakin barkono ba. Na ce masa har yaushe zai bar mai taliya yana juya shi? Na ce na ga ɓeraye sun manta. Ban gani ba, a takardar Farfesa na karanta, amma a lokacin ban ɗauka akwai bambanci ba. Da ƙyar ya amince, aka sa sunansa a sahun farko, bayan ƙaramar sallah da ɗan lokaci. Abin da ya rage kawai shi ne in maimaita aikin ɓerayen, a haɗa da takardun neman izini.

Azumin bana a ɗakin ɓeraye na yi shi. Tunda an ce hannu ne, sai na bi hannun nawa da bincike. Na daina shafa turare. Na canza sabulu. Na koma sa hijabi launi ɗaya kullum, wai kada su ga baƙuwa. Na auna wutar akwatin, na sake aunawa, na sa aka kawo sabuwar kwalbar magani ko tsohuwar ta lalace. Mai gyaran na’urar sanyaya ɗaki ya shigo yana fito, na wanke shi tas da bakin azumi, bawan Allah ya fita yana ba ni haƙuri, har yau kunyarsa nake ji. Duk da haka ɓerayen suka ci gaba da ƙamewa, na ƙara tabbata cewa lallai ni ce matsalar. Ina tsoro, tsoro sosai. In maganin yana aiki ni ce na kasa, to na ɓata wa malamina suna. In kuma ba ya aiki, na tura yayana a tone masa ranar da ya fi tsana a duniya a banza. Kullum na farkon nake zaɓa, don ya fi sauƙin haɗiya.

Ana saura kaɗan sallah na je ofishin Farfesa. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga wa ɗalibi harshe ba, kuma shi ya sayar da wata gonarsa ya gina mana ɗakin ɓerayen lokacin da ba wanda ya kula da mu. Na shiga da niyyar in faɗi komai, sai na tsinci kaina ina kewaye-kewaye, wai sakamakon bai gama fitowa sosai ba. Ya yi murmushi ya ce kada in damu, aikin yana da laulayi, in bai fito a hannuna ba za a tura sakamakonsa na dā, ai shi ma shaida ne. Ya tambayi lafiyar Ibu. Na sunkuyar da kai na ce tana lafiya, na fito da baya-baya. Ni mai bakin barkono ke nan.

Bayan sallah da mako guda ake taron yafiya a gidansa. Duk wanda ya taɓa karatu a hannunsa yana zuwa, har waɗanda suke koyarwa a wasu tsibirai. Matarsa, Bu Wiryawan, ta cika tebura da ketupat, dunƙulen shinkafar nan da ake dafawa a ganyen kwakwa, da miyar kaza ta madarar kwakwa, ’ya’yan tsofaffin ɗalibai suna ta guje-guje tsakanin takalman da aka tuɓe a ƙofa. In an ci an sha, sai Farfesa ya zauna a kujerarsa ta katako, mu jeru a kan gwiwa, manya a gaba. Kowa ya matso, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya kai goshinsa, ya raɗa abin da yake neman a yafe masa. Ba wanda ke jin na wani. Kai dai ka ga leɓe na motsi, ka ga Farfesa ya dafa kafaɗa ya ce ya yafe, na baya ya matso.

Amma bana kunnen Farfesa ya yi nauyi. Mun lura a ofis, ba dai wanda ya isa ya faɗa. Na farko ya yi raɗarsa, sai Farfesa ya karkato kai ya ce bai ji ba, a sake. Dole mutum ya ɗaga murya. Aka fara ƙunshe dariya, don mun ji wani babban shugaban sashe yana neman gafarar rashin zuwa bikin ’yar Farfesa, wata kuma ta ce ita ta fasa gilashin na’ura shekarun baya ta yi shiru. Ni dai ba dariya a raina. Gwiwoyina sun yi tsami a kan tabarma, ina ta haɗa abin da zan ce, kuma na riga na yanke: zan ce ya yafe mini, hannuna ya ɓata masa aiki.

Sai aka zo kan Mas Prasojo, wanda yanzu yake koyarwa a tsibirin Sulawesi. Ya yi raɗa, aka ce ya sake. Fuskarsa ta yi ja, ya ɗaga murya.

“Farfesa, a yafe mini. Aikin ɓerayen nan da aka ba ni, hannuna bai iya ba, ban taɓa samun ya fito ba.”

Farfesa ya dafa shi ya ce ya yafe, ai ya yafe tun bara da bara waccan. Gabana ya faɗi, amma na ce a raina mutum ɗaya ne. Ai kuwa ta bayansa, Mbak Endarwati, da aka sa ta sake, kusan kalma ɗaya ta maimaita: ɓerayenta sun ƙi mantawa, laifin hannunta ne, shi ya sa ta canza batun bincikenta. Na ga Mas Prasojo, da ya riga ya koma gefe ya ɗauki kofin shayi, ya juyo a hankali yana kallonta. Ita ma ta kalle shi. Ashe shekara da shekaru suna zuwa gidan nan suna durƙusawa kusa da juna, ba wanda ya san abin da ɗan’uwansa ke raɗawa.

Mbak Larasati ce a gabana. Ina ganin bayan wuyanta ya jiƙe da gumi. Ta kama hannun, ta faɗa da ƙarfi tun ba a ce ta sake ba. Ita ma cewa ta yi laifin hannunta ne. Matar da ta yi wata da watanni tana miƙo mini sirinji tana ce mini in sake gwadawa! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi, amma ban san da wa zan yi fushin ba, don ni ma abin da na zo faɗa ke nan.

Na ja gwiwa na matsa. Hannunsa sanyi, mara nauyi, fatar duk ta saki. Na kai goshina. In na ce hannuna ne, zai dafa ni, in tashi in ci ketupat, a tura tsohon sakamako, a zaunar da Mas Gunadi a kunna masa kentongan. In na faɗi ɗayar kuwa, a gidansa, a gaban matarsa da ɗalibansa, ranar yafiya, to na yi abin da ko a ƙauyenmu ba a yi. Na ji ya kira sunana ya ce, “Mbak Wening, ban ji ba.” Ashe ban ma buɗe baki ba.

“Farfesa, a yafe mini,” na ce, na ɗago kaina. “Ba hannuna ba ne. Na duba hannuna har na gaji. Maganin ne ba ya sa su mantawa. Duk mu huɗun nan ba mu samu ba.”

Wannan kam ya ji. Kowa ya ji. Wata ta jawo ɗanta ta toshe masa baki. Bu Wiryawan ta miƙe ta fara cewa a ƙara abinci, akwai sauran miya a ciki, ba wanda ya motsa. Farfesa bai saki hannuna ba, bai kuma dafa kafaɗata ba. Ya bi Mas Prasojo da kallo, ya bi Mbak Endarwati, ya bi Mbak Larasati, kowa ya sunkuyar da kai. Can ya ce na baya su matso, kada a bar mutane a durƙushe. Na ja jiki gefe, ƙafafuna sun mutu, na zauna inda kowa ya bar mini fili.

Da aka watse ya aiko a kira mu huɗun bayan gida, inda yake rataye kejin kurciyoyinsa. Yana tsaye yana zuba musu tsaba, tsabar na zubewa ƙasa. Ya yi ta tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ɓera nawa, wane irin magani, wa ya zuƙo allura. Ya ce a lokacinsa ba shi da mai taya shi, shi ke zuƙowa, shi ke yi, shi ke kallo, ya san wane ɓera ne wane. Yana faɗar haka fuskarsa ta canza, kamar ya gane ƙila idonsa ne ya ga abin da yake so ya gani. Sannan ya juyo, idonsa ya kaɗa, ya tambaye mu don me ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Na buɗe baki, Mbak Larasati ta riga ni.

“Muna faɗa maka duk shekara, Farfesa,” ta ce a hankali, sai da ta maimaita don ya ji. “Kai kuma kana yafe mana.”

Ya zauna a kan benci. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Ya ce zai kira likitan a ranar, a dakatar da komai har sai mun zauna mun haɗa abin da kowa ya samu. Bai ce mini na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Da zan tafi na sake kama hannunsa, ya bar ni na kai goshi, ya ce in gaida Ibu.

Ban koma masauki ba. Na hau babur na kama hanyar gida, ina hawan tudu iska na ƙara sanyi, gonakin ’ya’yan itacen salak dama da hagu. A hanya har na fara jin sanyi a raina. Na ce ai na ceci Mas Gunadi, ba wanda zai taɓa masa ciwonsa. Na ma fara shirya yadda zan zolaye shi, in ce ya tsira daga hannun likitoci.

Na same shi a garken shanu da la’asar, yana yanka ciyawa a kan kututture. Na zauna a kan bokitin da aka kife na faɗa masa kai tsaye, an fasa, maganin ba ya aiki, kuma ban taɓa ganin ɓeran da ya manta da idona ba. Na ce ya yafe mini. Ya ci gaba da yankan ciyawar har ya gama damin da ke hannunsa, sannan ya soke addar a kututturen.

“Ning, ai na riga na fara,” ya ce, da sunan da ake kira na a gida.

Ban gane ba. Ya ce tun ranar da na ce masa likita zai so labarin daga farko har ƙarshe, ya ji tsoron kada a tambaye shi ya kasa, ya ba ni kunya a gaban malamaina. Shi ne kullum in ya gama tatsa sai ya zauna nan ya bi ranar a ransa, daki-daki. Abubuwan da ya yi shekaru yana kauce musu duk ya je ya ɗauko. Wani lokaci har yakan ƙwanƙwasa goran garken da ƙotar adda, don ya saba kafin ranar, sai ya farga ya ga rana ta yi nisa, shanu na kuka. Duk azumin nan haka ya yi. Sai a lokacin na dube shi da kyau, na ga yadda wuyansa ya zurma, abin da ranar sallah na ɗauka azumi ne.

Ina can ina canza sabulu, shi yana nan yana tone kansa shi kaɗai, ba likita, ba ƙwaya, saboda bakina.

“Ke da kika san ɓeraye,” ya ce, “wanda aka tuna wa, ba a ba shi komai ba, me ke samunsa?”

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce masa ya danganta. Wani in aka tuna masa kaɗan-kaɗan tsoron ƙara kama shi yake. Wani kuma in aka daɗe ana kunna masa, ya ga wuta ba ta zo ba, a hankali yakan saki jiki.

“Ni wanne ne?”

“Ban sani ba, Mas.”

Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya goge hannunsa a wando, ya jawo wani bokitin ya kife kusa da ni ya zauna. Ya ce tunda ya haɗa labarin, kuma likita ba zai ji ba, ba zai iya mayar da shi inda ya ɗauko ba, sai dai ni in ji. Na ce ya bari mu nemo wanda ya iya, ni ɓeraye kawai na sani. Ya ce za a nemo, amma yau ni ce a nan.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a gaban Farfesa. Ina so in tashi in ce Ibu na kirana, amma ban tashi ba. Mas Gunadi ya kafa wa ƙasa ido, ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa.

“Da safen ranar,” ya ce, “Tumini ta ce in kwance shanun, ni na ce a bari sai an jima.”

Na gyara zama a kan bokitin, na ce ina jinsa.